Yadda Ake Yanke Shawara Idan Cututtuka Sun Taru a Jikin Mutum Ɗaya

Wata Talata cikin watan Afrilu, lokacin da zafin ƙasar Binuwai a Arewacin Kamaru yake haura maki 40, aka sauke wata dattijuwa daga babur a ƙofar asibitinmu. Mai babur na gaba, ita a tsakiya, ɗanta ya tallabe ta ta baya don kada ta zame. Shekarunta 64. Kwana uku tana amai da gudawa, jikinta da zafi, kuma tun asuba take surutai ba kan gado. Ɗan ya miƙo mini littafin asibitinta, karne kamar yadda muke cewa a nan, ya ce, "Malam, Inna tana da ciwon sukari da hawan jini, ga ciwon gwiwa. Mun ɗauka zazzaɓin sauro ne ya dawo."

Littattafan da muka karanta a makaranta kowace cuta da babinta, amma jikin mutum ba a raba shi babi-babi. A manyan asibitocin Garwa ko Marwa akwai ƙwararrun da za a kira, kowa da fanninsa. A ƙaramin asibitin karkara kuwa kai ne na zuciya, kai ne na ƙoda, kai ne na mata da yara, sau da yawa kai ne mai ɗaura ƙarin ruwa. Na rubuta wannan ne don ma'aikatan jinya da ungozomomi da sababbin likitocin da aka turo irin wuraren nan, kuma zan bi labarin wannan baiwar Allah daga ƙofa har sallama, domin a kansa matakan suka fi fitowa fili.

Mataki na farko: me zai iya kashe shi kafin la'asar?

Kada ka fara da neman sunan cutar. Mintuna biyar na farko na abu huɗu ne: numfashi, zagayawar jini, hankali, sukari. Ƙirga numfashi minti guda cur da agogo, ba da ido ba. Ga babba, numfashi 22 ko fiye a minti, awon jini na sama 100 ko ƙasa (10 a lissafin da muka saba), da ruɗewar hankali, idan biyu daga ciki suka haɗu a kan mai zazzaɓi, ɗauka cutar ta shiga jini har sai ka tabbatar ba haka ba ne. Ga yaro, numfashi 60 kafin wata biyu, 50 daga wata biyu zuwa goma sha ɗaya, 40 daga shekara ɗaya zuwa biyar. Yaron da ya kasa shan nono ko ruwa, ko yake amayar da komai, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ba ya bin layi. Idan kana da ɗan abin awon iskar jini na yatsa, ƙasa da 90 alama ce ta haɗari.

Sukari shi ne aka fi mantawa, alhali shi ya fi saurin gyaruwa. Duk wanda hankalinsa ya gushe, mai ciwon sukari ne ko ba shi ba, a soki yatsarsa. Na Inna ya nuna giram 0.45 a lita. Ƙasa da 0.70 ya riga ya faɗi. Tunda ba ta iya haɗiya da kyau, muka sa mata ruwan gulukos mai kashi 10, mililita 200 cikin kwata ɗaya. Da tana iya haɗiya, ƙwayar sukari uku ko huɗu a ruwa sun isa a fara. Kafin ruwan ya ƙare ta buɗe ido, ta dubi ɗanta, ta ce, "Wa ya kawo ni nan ba mayafi?" Ɗan ya fashe da kuka.

A nan ne mutum yake son ya sauke ajiyar zuciya ya ce an gama. Ba a gama ba. Sukari ba ya faɗuwa banza.

Mataki na biyu: a zazzage leda

Ban san wani gwaji da ya kai wannan amfani ba, ga shi ba a biyan ko dala. Ce wa dangi su kawo duk abin da mara lafiya yake sha: na asibiti, na kantin magani, na mai tebur a kasuwa, na maƙwabciya, na gargajiya a gora ko a ƙullin takarda. Kada ka tsaya ga abin da ke rubuce a karne. Karne yana faɗin abin da aka rubuta, leda tana faɗin abin da ake haɗiya.

Ɗan Inna ya koma gida ya dawo da baƙar leda, muka juye a kan tebur. Metformin da gilibenkilamid na sukari. Kaftofiril da haidorokulorotiyazid na hawan jini. Sai fakiti biyu na dikilofenak da aka saya ranar kasuwa saboda gwiwa. Sai kwalin maganin zazzaɓin sauro wanda ta shanye mako biyu da suka wuce. Na tambaye ta, "Inna, cikin kwana ukun nan da kike amai, kin ci gaba da shan waɗannan?" Ta ce, "Ai an ce kada in taɓa fashi, ɗana. Ko tuwo bai shiga ba ina haɗiye su."

Ga labarin ya fito gaba ɗaya. Amai da gudawa da zafin bazara sun ƙafar da ruwan jikinta. Haidorokulorotiyazid, mai sa yawan fitsari, ya ƙara kwashe wanda ya rage. Kaftofiril da dikilofenak, kowanne ta hanyarsa, sun hana ƙoda kare kanta a lokacin ƙarancin ruwa. Ƙoda ta raunana, gilibenkilamid ya taru a jini ya ci gaba da sauke sukari, ita kuwa ba ta cin abinci. Biyayyarta ce ta kusa kai ta kushewa, domin mun koya mata kada ta yi fashi, ba mu koya mata ranar da fashi yake zama wajibi ba. Wannan laifinmu ne, mu masu rubuta magani.

Idan kana zazzage leda, sa ido kan 'yan ƙwayoyin deksametazon da ake sayarwa a matsayin maganin ƙiba ko na ciwon jiki. Suna ɗaga sukari da hawan jini, suna kumbura fuska, suna ɓoye zazzaɓi, kuma wanda ya daɗe a kansu ba a tsayar masa farat ɗaya, sai a hankali. Ga matasa masu jijjiga ba tarihin farfaɗiya, tambayi tiramol, amma ka fitar da mahaifin waje tukuna.

Mataki na uku: me ya canza, kuma yaushe?

Mai cututtuka da yawa zai ba ka labarin shekara goma idan ka bar shi. Saurara kaɗan, sannan ka ja shi zuwa tambaya ɗaya: yaushe ne ranar ƙarshe da kake jin kanka kamar kullum, kuma me ya faru bayanta? Tsofaffin cututtuka su ne filin, sabon abin da ya faɗo a kai shi ya kawo shi yau.

Kalmominmu suna da faɗi. "Sanyi" na iya zama ciwon gaɓoɓi, ko fitar ruwa ta gaba, ko mura. "Ciwon ciki" na iya zama tun daga ƙahon zuci har mara. "Basir" kuwa kusan komai yana shiga ciki. Ce masa ya nuna da yatsa ɗaya. Idan ana fassara maka daga Fulatanci ko wani yare, roƙi mai fassarar ya faɗi abin da aka ce, ba abin da shi ya fahimta ba. Duk macen da ke cikin shekarun haihuwa, tambayi ranar jininta na ƙarshe a keɓe, domin amsar tana sauya rabin magungunan da ke cikin kabad ɗinka. Tambayi sana'a da wurin zama kuma: masunci ko mai noman shinkafa daga wajen Lagdo da ke fitsarin jini, tsargiya za ka fara tunani.

Mataki na huɗu: rubuta matsalolin, ka nemi zaren da ya ɗinke su

Ɗauki biro. A bayan takarda na rubuta na Inna haka: sukari ya faɗi, ƙarancin ruwa, zazzaɓi maki 38.6, zargin raunin ƙoda, awon jini 10/6 ga mai hawan jini, gwiwa. Da zarar sun jeru a gabanka za ka ga waɗanda suka haifi juna da wanda yake tsaye shi kaɗai. Nata duk sun ɗinku, ban da zazzaɓin. Shi ne ba a san uwarsa ba.

A kan kowace matsalar da ba ka san tushenta ba, yi wa kanka tambaya uku. Me ya fi yiwuwa a wannan wuri da wannan wata? Me ya fi haɗari idan na kuskure shi, ko da ba shi ya fi yiwuwa ba? Wanne zan iya yi wa magani yanzu ba tare da na cutar ba? Zazzaɓi a watan Satumba, ƙarshen damina, sauro ne a sahun gaba. Zazzaɓi a watan Maris ko Afrilu a Arewacin Kamaru, wanda ke cikin yankin sanƙarau, dole ka lanƙwasa wuya ka gani. Rigakafin da aka yi a 2011 da 2012 ya karya lagon nau'in A, amma sauran nau'o'in suna nan.

Gwajin gaggawa na zazzaɓin sauro, TDR, ya fito da layi biyu a jinin Inna. Wannan shi ne ramin da ya fi cin mutane a aikinmu. Gwajin yana gano wani sinadari ne da ƙwayar cutar take bari a jini, kuma sinadarin yana iya zama makonni bayan an warke. Ga wadda ta sha magani mako biyu da suka wuce, layi biyu ba hujja ba ce. Ko da ƙwayar tana nan da gaske, a ƙasar da sauro ya yi yawa mutum yana iya ɗauke da ita alhali wani abu dabam ne yake kayar da shi.

Ni kaina na faɗa wannan rami a shekaruna na farko. An kawo yaro ɗan shekara bakwai da zazzaɓi da ciwon kai cikin rani, gwaji ya nuna sauro, na ba da magani na sallame su ban taɓa wuyansa ba. Washegari da yamma aka dawo da shi a sanƙare. Ya rayu, amma kunnensa ɗaya bai sake ji ba. Har yau idan na ga layi biyu sai hannuna ya tafi ƙeyar mara lafiya kafin ya tafi biro.

Ƙa'idar da nake bi ita ce: idan hankali ya gushe, sukari ya gyaru amma mutum bai farka ba, kuma gwaji ya nuna sauro, ba na jiran komai. Allurar artesunat, maganin zazzaɓin sauro mai tsanani, miligiram 2.4 a kowane kilo (miligiram 3 ga yaron da bai kai kilo 20 ba), nan take, sai bayan awa 12, sai bayan awa 24 da ta farko. Idan wuya ya ƙage ko ina da shakka, in haɗa da seftiriyazon, allurar kashe ƙwayoyin cuta irin na sanƙarau, giram 2 ga babba, miligiram 100 a kilo ga yaro. Maganin ɗaya ba ya hana ɗaya. Kinin kuwa yana sauke sukari, don haka ga irin Inna ba shi da wuri matuƙar akwai artesunat.

Ita ta farka, wuyanta sakayau, don haka muna da sa'a guda ta dubawa. Mai ɗakin gwaji ya shafa jininta a gilashi ya duba da madubi, bai ga ƙwaya ba. Na danna bayanta ta gefen dama ƙarƙashin haƙarƙari, ta zabura. Tsinken gwajin fitsari ya nuna alamun ƙwayoyin cuta. Ciwon mafitsara ne ya hau zuwa ƙoda, abin da ya zama ruwan dare ga tsofaffin mata masu ciwon sukari.

Mataki na biyar: gwajin da zai sauya shawara kawai

Kuɗin da ke aljihun dangi ba shi da yawa, kuma duk abin da gwaji ya ci, magani ya rasa. Kafin ka rubuta gwaji, tambayi kanka: idan ya fito haka me zan yi, idan ya fito akasin haka me zan yi? Idan amsar ɗaya ce, bar shi. Gwajin Widal na taifot shi ya fi cinye kuɗin talakawa a banza. Yana nuna alama ga wanda ya taɓa yin cutar da daɗewa, yana nunawa ga mai zazzaɓin sauro, kuma sakamako guda ɗaya ba ya tabbatar da komai.

Ga Inna gwaji ɗaya ne ya cancanci kuɗin babur zuwa asibitin gunduma: kiriyatinin, ma'aunin aikin ƙoda. Ya dawo miligiram 24 a lita. Lambar ita kaɗai tana yaudara, musamman ga tsoho marar nauyi, don haka a yi lissafi. Cire shekaru daga 140, ka ninka da nauyi, ka raba da 7.2 sau kiriyatinin ɗin a miligiram a lita, idan mace ce ka ninka da 0.85. Nata: 76 sau kilo 58, a raba da 172.8, a ninka da 0.85, ya ba da kusan 22, wato ƙarfin tacewar ƙodarta. Lissafin ba ya zama daidai sosai lokacin da ƙoda take cikin sauyawa, amma ya isa ya gaya maka tana ƙasa da 30, kuma ƙasa da 30 ba a ba da metformin.

Mataki na shida: cire kafin ka ƙara

Dangi suna auna ƙwarewarka da tsawon takardar magani. Ka daure. A ranar nan magani biyar na tsayar wa Inna, biyu kawai na ba ta: ruwa da seftiriyazon. Ɗanta ya ce, "Malam, har na hawan jinin? Ba zai tashi ba?" Na nuna masa awon, 10/6, na ce yau ba hawa muke tsoro ba, faɗuwa muke tsoro, kuma za mu mayar da su ɗaya bayan ɗaya idan ƙoda ta farfaɗo.

Kowane maganin da za ka rubuta wa mai cututtuka da yawa, ka ratsa da shi ta ƙofa huɗu: ƙoda, hanta, ciki idan mace ce, da sauran magungunan da ke leda. Jentamisin yana da araha kuma yana aiki a ciwon fitsari, amma ga ƙodar da ta riga ta durƙusa guba ne. Dikilofenak da ibufurofen ba na mai ciwon ƙoda ba ne, ba na mai gyambon ciki ba, ba na mai raunin zuciya ba. Kaftofiril da inalafiril ba a ba mai ciki, nata metildofa ne ko nifedifin. Mai tarin fuka da ke kan rifamfisin wata shida, idan yana shan maganin ƙanjamau mai dolutegirabir, sai an ƙara masa miligiram 50 bayan awa 12 da shan na kullum, in ba haka ba rifamfisin zai rage ƙarfinsa. Haka yake raunana ƙwayoyin tazarar haihuwa da ashanar da ake sawa a dantse. Na ga matar da ta ɗauki ciki a wata na huɗu na maganin tari alhali ashanar tana hannunta, domin mai ba da maganin tari da mai tazarar haihuwa ba su taɓa duba karne ɗaya ba, ga shi ƙofofinsu suna kallon juna.

Ruwa ma magani ne, yana da awo. Kafin in buɗe wa Inna, na saurari ƙasan huhunta, na danna ƙafarta, na dubi jijiyar wuyanta. Ba alamar ruwa ya taru. Na ba da rabin lita, na sake saurare, na sake aunawa, sannan na ƙara. Muka ajiye mata bokiti mai awo, domin fitsarin da ake nema shi ne rabin mililita a kilo a kowace awa, wato nata kusan 30. Sukari kuma muka riƙa dubawa a kai a kai har kwana biyu, saboda gilibenkilamid a jikin mai raunin ƙoda yana sake kayar da sukari bayan an ɗaga shi. Da tsakar daren farko ya sake sauka 0.60. Da mun sallame ta da la'asar saboda ta farka tana magana, a gida zai same ta cikin barci.

Bari in ratse kaɗan kan maganar ruwa, domin akwai wadda ruwan da ya ceci Inna zai halaka. Mai jego ce, wata ɗaya ko biyu da haihuwa, tana haki, tana tari da dare, ba ta iya kwanciya sai an jingina ta, ƙafafu a kumbure. Sau da yawa an riga an yi mata maganin asma ko na limoniya a wani wuri, wani lokacin har da ƙarin ruwa "don ta samu ƙarfi". Wannan raunin zuciya ne na bayan haihuwa, kuma likitocin Zariya sun bayyana yawansa a tsakanin matan Hausawa tun shekarun 1970, inda suka lura da yadda kunun kanwa da zafin wankan jego suke ƙara wa zuciya nauyi. Kanwa gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki. Irin wannan a zaunar da ita, a ba ta furosemid mai fitar da ruwa ta fitsari, a ba ta iskar oksijin idan akwai, a auna jininta da fitsarinta don hawan jinin masu ciki yana iya bayyana bayan haihuwa, a duba ko tana da ƙarancin jini, sannan a tura ta inda za a ɗauki hoton zuciya. Maganar kunu kuwa da uwarta ko surukarta za ka yi, cikin ladabi: "Hajiya, kunun ku ci gaba da dama mata, kanwar ce kawai za a ɗaga mata ƙafa saboda zuciyarta." Idan ka zagi al'adar gaba ɗaya, za a ce to a gabanka, a koma gida a ci gaba.

Mataki na bakwai: riƙewa ko turawa

Tambayar ba wai ciwon yana da tsanani ba ce kaɗai. Me yake can wanda babu a nan, kuma zai kai can da rai? Jini, tiyata, oksijin, hoton ciki, wankin ƙoda irin wanda ake yi a Garwa, waɗannan dalilai ne na tafiya. Idan abin da za a yi masa can shi ne ruwa da allurar da kake da su, awa uku a kan babur cikin rana ko ratsa mayo, wato rafi, cikin damina na iya zama mafi haɗari daga ciwon.

Na riƙe Inna, amma na ja layi a rubuce a karne, na karanta wa ɗanta da ma'aikacin jinya mai aikin dare: idan fitsari bai kai rabin lita ba zuwa gobe war haka, ko numfashi ya ƙaru, ko hankali ya sake gushewa alhali sukari daidai yake, za mu tafi. Na ce ya nemi mota tun yau ya san kuɗinta, ya gaya wa yayyensa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan layin shi ne rabin shawarar. Shawarar da ba ta faɗi abin da zai sa a sauya ta ba, ba ta cika ba.

Idan turawa ta kama, kada ka tura hannu rabbana. Ba da kashin farko na abin da ya dace tukuna: artesunat, seftiriyazon, sukari, ko ga mai ciki da awonta ya kai 16/11 tare da ciwon kai ko jijjiga, magniziyom salfet giram 4 ta jijiya a hankali da giram 5 a kowane ɗuwawu. Rubuta abin da ka bayar da ƙarfe nawa. Buga waya can kafin su tashi. Idan jini ake nema, a tafi da 'yan'uwa biyu ko uku masu iya bayarwa. Mai ciki kuma a tambaya ko tana da takardar Chèque Santé, wadda aka fara sayarwa sefa 6,000 a jihohin Arewacin Kamaru a 2015, domin tana ɗauke nauyin haihuwa har da tiyata, kuma sanin haka kaɗai yakan sa maigida ya ce a tafi. Gano wanda ke da ikon cewa a tafi tun da wuri. Sau da yawa ba ya cikin ɗakin, yana gona ko kasuwa, sai an kira shi.

Mataki na takwas: tsarin da zai rayu a gida

Kwana na biyu bokitin Inna ya haura lita guda. Kwana na huɗu zazzaɓi ya sauka, ta nemi kunun gyaɗa. Ranar sallama na zauna da ita da ɗanta da jikarta 'yar sakandare, wadda ita ce za ta riƙa miƙa magani. Abu uku kawai na ce su riƙe, kuma na sa jikar ta maimaita mini da bakinta. Ranar da Inna take amai ko gudawa ko ta kasa ci, a dakatar da maganin sukari da na hawan jini, a ba ta ruwan gishiri da sukari, a kawo ta. Ba sauran maganin gwiwa na kasuwa, sai farasitamol, giram ɗaya har sau uku a rana, da sanda, da sallah a zaune idan durƙuso ya gagara. Idan ta fara gumi da rawar jiki da surutai, ƙwayar sukari uku kafin a nemi babur.

Ta tambaye ni azumi, domin tana da ramuwa. Na ce, "Inna, Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame, kuma ƙodarki yanzu ba ta jure ƙishirwa. Ki bari tukuna, in kin dawo mu sake magana, ki kuma tambayi liman." Ga masu ciwon sukarin da suka nace sai sun yi, na saba gaya musu cewa soka yatsa ba ya karya azumi, kuma idan awo ya sauka ƙasa da 0.70 ko ya haura giram 3, a sha ruwa nan take.

Ranar dawowa na sa ta dace da ranar kasuwarsu, lokacin da babura suke da yawa kuma ɗan yana shigowa gari ko ta yaya. Bayan mako biyu suka zo. Kiriyatinin ya sauka miligiram 13, lissafi ya ba da kusan 40. Awon jini ya koma 16/9, sukarin safe giram 1.9. Na fara mata amlodifin miligiram 5, wanda ba ya takura ƙoda, na mayar da metformin a rage, miligiram 500 safe da yamma bayan abinci. Gilibenkilamid na ja masa layi da jan biro a karne, na rubuta dalili a gefe da Faransanci don wanda zai gan ta bayana. Kaftofiril na ce sai wata mai zuwa, idan ƙoda ta tsaya a inda take, kuma a sake awo mako ɗaya ko biyu bayan an fara. Da za su fita, jikar ta ɗora baƙar ledar a kan tebur ba tare da na tambaya ba, ta juye ta. Farasitamol ne a ciki, sai wani ƙullin gari da wata maƙwabciya ta kawo na ciwon gwiwa, wanda ta ce ta ɓoye ba a fara ba sai an nuna mini.